Yadda Muka Kai Baba Gida da Ransa

Madalla, Suleja,
Jihar Neja.

Zuwa ga yayana Kefas,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Grace da ɗiyarmu Titi. Ina roƙon Allah ya ƙara muku ƙarfin jiki, ya tsare ku daga sanyin Kanada da kake yawan ba mu labarinsa, ya sa albarka a aikin hannunku. Mu nan muna nan yadda ka san mu. Na koma makarantar da nake koyarwa a Magajiya, yara sun dawo daga hutu da ƙiriniyarsu cikakkiya. Ruwan sama ya so ya yi mana ɓarna a bayan ɗaki, amma Malam Tanimu maƙwabcinmu ya taimaka ya toshe wurin, matarsa Safara'u kuma har yau ba ta fasa leƙo Mama da kwanon kunu ba. Wutar lantarki sai dai mu hango ta a Abuja. 'Yan zumuntar mata sun rage zuwa gaisuwa, gidan ya yi shiru, kujerar Baba tana nan a bakin ƙofa, babu wanda ya iya zama a kanta.

Na ji saƙon muryar da ka turo, na kuma sake saurararsa. Ka ce ikilisiyarku za ta yi sujadar godiya saboda rayuwar Baba, fastonku kuma ya ba ka dama ka tsaya ka ba da shaida, don Turawan da suke neman likita ya yi musu allurar mutuwa su ji yadda wani dattijo a Najeriya ya jure ciwo har Allah da kansa ya kira shi. Ka ce in rubuto maka yadda ya cika cikin salama a ɗakinsa na ƙauye, da maganarsa ta ƙarshe, don ka karanta musu. To, ga shi na rubuto. Da hannu na rubuta, zan ɗauki hotonta in turo maka, don na san halinka, in a waya ne ba zan kai tsakiya ba za ka tare ni da aya. Ka samu wuri ka zauna tukuna, ba irin wadda ake karantawa a tsaye a bakin aiki ba ce.

Ka san ciwon Baba, amma a hoto ka san shi, kuma duk hoton da na turo maka sai na goge masa baki na gyara masa hula. Ƙurar dutsen da ya sha a wajen fasa dutse na bayan Zuma ita ta cinye masa huhu. Duwatsun nan da aka gina benayen Abuja da su, wasu da hannunsa aka farfasa su, shi kuwa abin da ya samu shi ne ɗakin haya a Madalla da numfashi mai ƙara kamar ana jan zarto. A asibitin gwamnati likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya duba, ya ce mu koma gida mu riƙa sa masa iskar oksijin muna addu'a, gadon kuma akwai mai jiransa. Tukunyar iskar haya muke karɓowa a wani shago a cikin Suleja, in ta ƙare Malam Tanimu ya ɗaura ta a babur ya canjo. Ban ce ba ka turo abin da ka iya ba. Ka turo, Allah ya saka maka, na kuma san ba a kan kujera kake samunsa ba, kashin tsofaffin Turawa kake kwashewa. Amma ka tuna surukar Baba Ƙarami Gidiyon, ƙanen Baba, wadda ta kwanta a asibitin kuɗi a Abuja. Na je dubiya na gani da idona. Ɗaki mai sanyi, maganin kashe zafi yana ɗiga a jijiya, ma'aikaciya tana juya ta tana ce mata sannu Mama, har ta wuce tana barci. Daga can zuwa ɗakinmu tafiyar mota ɗaya ce, amma mu a nan wani lokaci maganin zafin ma sai na zaga shaguna har in gaji ban samu ba.

Wata rana da hantsi, Mama ta tafi kasuwa, Baba ya kira ni na zauna kusa da shi. Ya ce ya tuna labarin da ka ba mu a waya, na tsohuwar nan ta gidan da kake aiki, wadda ta zaɓi ranarta da kanta, 'ya'yanta suka taru, aka sa mata waƙar da take so, likita ya tambaye ta ya sake tambayarta, sannan ya yi mata allura ta yi barci. Kai da ƙyama ka ba da labarin, har ka ce ka fice daga ɗakin ka ƙi taɓa ko da zanen gadon. Ashe shi Baba da sha'awa ya saurara. Ya ce mini ya gaji, kowane numfashi sai ya yi kokawa kafin ya samu, ba mutuwa yake tsoro ba, shaƙewa yake tsoro. Ya roƙe ni in taimake shi ya yi barci irin na matar nan, in rufe tukunyar, in riƙe masa hannu. Na yi kuka na ce ba zan iya ba, na ce masa zunubi ne. Bai yi fushi ba, ya ce in share hawayena kafin Mama ta dawo. Ni kuwa na fita bayan ɗaki na kira ka, don kai ne babba, a zatona za ka kira shi ku yi magana ta ɗa da uba, ka lallashe shi, ko ka ce masa kana nan tafe.

Abin da ka yi ka sani, amma ba ka ga yadda ya kasance a ɗakin ba. Ka kira Baba Ƙarami, ka kira fasto. Ranar Lahadi bayan sujada sai ga dattawan ikilisiya sun cika mana ɗaki, Baba Ƙarami ya faka babbar motarsa a bakin layi don ba ta iya shiga lungunmu, ya shigo yana toshe hanci da hankici. Aka ajiye waya a kan tebur aka buɗe murya, kana ta jero ayoyi daga Kanada, rai na Allah ne, babu mai ikon taɓa shi. Mutumin da ya koya maka karatun Littafi Mai Tsarki a kan cinyarsa yana zaune da singileti, robar iska a hanci, ana sa shi ya maimaita addu'ar tuba kalma bayan kalma, yana tsayawa yana neman iska suna jiransa. Wani dattijo ya tuna masa cewa ikilisiya ba ta binne wanda ya kashe kansa. Maƙwabta suna tsakar gida suna ji. Da za su tafi, Baba Ƙarami ya tattara maganin barci da na kashe zafin da na sha wahalar samowa ya zuba a aljihu, wai kada Shaiɗan ya samu ƙofa. Daga ranar sai farasitamol. Daga ranar kuma Baba bai ƙara kirana in zauna kusa da shi ba, in na kawo abinci sai ya juya fuska bango.

Ba a daɗe ba aka kira taron ƙungiyar 'yan garinmu a gidan Baba Ƙarami a unguwar Gwarimpa ta Abuja. Ni aikina a wurin raba ruwa ne, ka san mace ba ta magana in maza suna yanke shawarar gida. Kai ma kana kan waya. Aka ce jikin dattijo ya yi nisa, ya kamata a kai shi gida ya sha iskar ƙauye, ya ga 'yan'uwa, wataƙila ma ya samu sauƙi. Kai ka fara cewa amin. Yaya Kefas, kada ka ce mini ba ka san ma'anar wannan magana ba, a cikinmu ka girma. Kowa a ɗakin nan ya san babu mai binne ɗan garinmu a Suleja, abin kunya ne a ce an bar shi a cikin baƙi. Kowa kuma ya san mai rai kujera kawai ake biya masa a mota, gawa kuwa sai ɗakin ajiyar gawa, sai takardar likita, sai motar gawa, sai tsayawa a kowane shinge ana buɗe akwati ana murza yatsa. Shi ya sa in mutum ya kusa, ake hanzarta a kai shi da ransa. Kowa ya san a ƙauyenmu babu inda ake cika tukunyar iska, asibitin da ke kusa ma fitilar waya suke haskawa su yi allura. Na ajiye farantin kofuna na faɗi haka, sai Baba Ƙarami ya ce tun kafin a haife ni ake kai marasa lafiya gida, kai kuma ka ce in bar manya su yi magana, Allah yana ƙauye kamar yadda yake birni.

Ranar tafiya aka ɗauko shatar mota daga tashar Suleja, tsohuwar mota mai dogon baya, direban ana kiransa Bamalli. Baba Ƙarami ya zo da tasa motar mai sanyi da kujerun fata, ya ce shi zai yi gaba ya share hanya, gara majinyaci ya shiga wadda zai sake a ciki. Na roƙi mai shago har ya yarda ya ba ni tukunya biyu, ɗaya a jikin Baba, ɗaya ta ajiya, duk da ba ya son kayansa su fita gari. Da aka zo lodi, sai ga buhunan shinkafa da jarkar mai da katan-katan na lemo sun cika bayan motar taf. Tukunyar ajiya ta rasa wuri. Na ce a sauke buhu ɗaya, ko a sa ta a motar Baba Ƙarami. Ya ce ƙarfe ne, zai yage masa kujera, tafiyar ma ba wata mai nisa ba ce, ɗaya ta isa. Aka jingine ta a bakin ƙofarmu, Safara'u ta ja ta ciki. Baba yana zaune a kujerarsa yana kallon komai. Ya tambayi ƙanensa shinkafar ta mece ce, ƙanen ya ce ta masu zuwa dubiya ce. Baba ya yi wata 'yar dariya da ta zame masa tari, ya ce ai da sun haɗa da saniyar gaba ɗaya su huta da dawowa.

Kafin ya tayar da mota, Bamalli ya leƙo ya dubi Baba da kyau, ya ce mana shi fa ba ya ɗaukar gawa, motarsa ta fasinja ce, in wani abu ya faru a hanya a nan zai sauke mu, mu nemi wadda ta dace. Ban ga laifinsa ba, 'yan sanda za su iya kwace masa mota. Muka zauna a baya, Baba a tsakiya, ni a dama, Mama a hagu, tukunyar a tsakanin ƙafafuna. Har muka wuce Tafa muka karya zuwa Jere lafiya lau, yana ma kallon gonaki ta taga. Daga nan hanya ta lalace, rami bayan rami, rana ta take, zafi ya cika motar, yana jan iska fiye da yadda ya saba. Ina kallon allurar tukunyar tana sauka. Bayan Kagarko ta kwanta a kan ja, sannan sautin iskar ya ɗauke.

Ka ce kana son ka san yadda ya cika. Ya fizge robar daga hancinsa ya buɗe baki, ƙirjinsa yana ɗagawa yana faɗuwa babu abin da ke shiga, kamar kifin da aka jefar a kan yashi. Leɓensa ya yi baƙi. Ya kama wuyan hannuna har farcensa ya shige, tabon yana nan, zan haɗa maka da hotonsa. Ya roƙa a tsaya a kwantar da shi a ƙasa a ƙarƙashin itace. Na kira Baba Ƙarami, ya ce kada mu kuskura mu tsaya, dajin nan na masu satar mutane ne, kuma in muka tsaya direba zai gane, mu daure an kusa. Ba a kusa ba. Ya daɗe yana wannan kokawa, daɗewar da ban san mutum zai iya yi ba, ya yi fitsari a zaune, idonsa a buɗe yana kallona. Mama ta fara rera waƙar yabo da ƙarfi don ta rufe ƙarar maƙogwaronsa. A nan ne ya yi maganar ƙarshe da kake nema, a gutsure, kalma ɗaya sai ya huta. Ya ce in tambaye ka, ko wannan ce irin mutuwar da Allah yake so. Bai ce komai ba bayan wannan, bai yi addu'a ba, bai sa wa kowa albarka ba.

Da hannunsa ya saki, ni da Mama muka dubi juna, ba wadda ta yi kuka, don in muka yi kuka za a sauke mu a daji da gawa. Na rufe masa baki da hannuna har ya tsaya, na mayar masa da robar a hanci, na sa masa tabarau, na jawo hular ta rufe goshi, na jingina kansa a kafaɗata. Sannan na ci gaba da yi masa hira. Ina ce masa ga dutsen kaza, ga kasuwar kaza, ya tuna lokacin da ya kawo mu Kirsimeti a bayan tifa, ina tambayarsa ko zai sha ruwa, ina amsa wa kaina. A wani shinge soja ya leƙo ya ce sannu Baba, na ce barci yake yi, ya ce Allah ya ba shi lafiya, na ce amin. Jikin Baba yana ta sanyi a jikina, nauyinsa yana ƙaruwa. Na ga lokacin da Bamalli ya miƙa hannu ya juya madubin gaba sama, bai sake duban baya ba har muka isa. Allah ya saka wa mutumin nan, shi kaɗai ya yi mana alheri a ranar.

A ƙauye mata suka fito da guɗa suna maraba da Baba, suna kiran sunansa Filibus. Baba Ƙarami ya riga ya isa, ya wanke fuska, ya ci abinci. Ya leƙa motar, ya gani, ya ce kowa ya matsa majinyaci yana bukatar iska. Aka ɗauke shi a kan kujera aka shiga da shi ɗaki aka kwantar, aka ja labule. Muka zauna a ciki shiru har aka sallami direba ya yi nisa, har aka sauke shinkafa, sannan Baba Ƙarami ya fito ya cire hula ya sanar cewa yayansa ya huta a ɗakin ubansa. A lokacin ne aka ba mu izinin kuka, ni kuwa nawa ya ƙi zuwa. Labarin da aka ba ka ke nan, shi ka saka a shafinka na intanet da hoton kyandir. Washegari aka fito da rigunan anko masu hoton Baba, ɗinkakku, a goge, a ninke. Ni malamar makaranta ce, ba tela ba, amma na san ba a buga hoto a riga a ɗinka a kawo ƙauye a kwana ɗaya. Hoton da ke jiki kuma wanda kai ka turo ne.

Ban rubuto don in ce maka allurar Turawanku daidai ce ba. Ban sani ba, har yau ina tsoron Allah a kan maganar, kuma da Baba zai dawo ya sake roƙona, ban san me hannuna zai yi ba. Abin da na sani shi ne ya roƙi ya tafi a kan gadonsa, yana barci, hannunsa a nawa, kuka tara masa jama'a kuka kunyata shi. Bayan haka ku ɗin dai kuka zaɓa masa rana, kuka raba shi da iskarsa, kuka sa shi a mota, kuka kira abin al'ada. Tsohuwar da ka tsere daga ɗakinta an tambaye ta, an sake tambayarta. Baba babu wanda ya tambaye shi ko yana son tafiyar. A can likita yana sa hannu ya ɗauki nauyin abin da ya yi, a nan kowa ya wanke hannunsa, in an tambaya a ce lokaci ne ya yi. Ina jin haushinka, Yaya, haushi mai yawa, kuma ba na son ka kira ni ka ce mu yi addu'a a kai. In za ka tsaya a gaban ikilisiyarku, ka karanta musu wannan takarda daga farko har ƙarshe, har da shinkafar. In ba za ka iya ba, ka zauna a kujerarka ka bar sunan Baba ya huta.

Saura magana ɗaya. Ka tuna Mama ma ta yi shekaru tana ɗaukar tsakuwa a ka a wurin nan na bayan Zuma, da kuɗin aka biya maka makaranta. Tun da muka dawo take tari, irin wanda na sani. Na kai ta an ɗauki hoton ƙirji, likita ya ɗaga ya duba, ya faɗi irin abin da aka faɗa mana a kan na Baba. Tukunyar nan da aka bari a bakin ƙofa ban mayar ba, na ci gaba da biyan hayarta, yanzu tana gefen gadonta. Ta sa na raka ta wurin masu kula da makabartar Kirista ta nan Suleja, ta nuna inda take so, ta ce ta gwammace ta kwanta a cikin baƙi da ta sake shiga motar nan. Ta kuma sa na dafa Littafi na yi mata alkawari cewa in nata ya yi nisa, duk abin da ta roƙe ni a ɗakin nan, ko na yi ko ban yi ba, ba zan kira Kanada ba, ba zan kira Gwarimpa ba. Na yi mata alkawarin.

Ka gaishe mini da Grace da kyau, ka ce na gode da rigar sanyin da ta aiko wa Mama. Ka shafa mini kan Titi, ka ce gwaggonta tana ajiye da hular kakanta, in ta girma ta zo ta karɓa. Malam Tanimu da Safara'u suna gaishe ka, haka ma 'yan zumuntar mata. Baba Ƙarami ban gan shi ba tun ranar biso, kai da kuke waya ka isar masa da tawa. Mama tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci, ta kuma ce in gaya maka lafiyarta ƙalau. Duk ranar da ka kira ka tambaye ni jikinta, abin da zan ce maka ke nan.

Ni ce ƙanwarka,
Debora Filibus.